Alhaji, Kar Ka Zari Hularka Tukuna

Ka baro rumfarka a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, ka shiga shagon intanet a Cocotiers don buga takardun sabunta katin zama, aiki ya kammala, har ka miƙa wa yaron shago sefarsa. Koma ka zauna, ranka ya daɗe. Kwamfutar nan ba ta mantuwa, kuma ba ta yi wa kowa rowar labari.

Mutane sun fi ɗora wa kash ɗin burauza laifi, alhali bawan Allah ne. Aikinsa adana hotuna da tamburan shafukan da ka buɗe, don in ka dawo kar a sake jawo su daga intanet. A kwamfutarka ta gida shi ke sa datar Airtel ko Moov ta yi auki. Galibin ɓarnarsa ya cika ma'ajiya, ko ya nuna maka shafin jiya. Manyan masu tona asiri su ne tarihin bincike, da kuma kukis waɗanda ke barin Gmail ɗinka a buɗe kai kana can cikin tasi.

Madannan Libreville na Faransanci ne, saboda haka nemi Ctrl da Maj da Suppr, ka danne su tare. Zaɓi goge na duk lokaci, ka haɗa kash da kukis da tarihi, ka sallame su gaba ɗaya. In burauza ta tambaya ko ta riƙe maka kalmar sirri, ce mata na gode, Allah ya saka.

Gobe kuma fara da tagar sirri: Ctrl, Maj da N a Chrome, ko P a Firefox. Da ka rufe ta, tarihi da kukis sun tafi. Amma fa ba layar zana ba ce. Mai shago da kamfanin intanet na iya sanin shafukan da ka leƙa. A 2020 an kai Google ƙara a Kalifoniya kan bibiyar masu amfani da wannan tagar, a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara.

Inda zuciyata ta fi tsinkewa shi ne jakar Téléchargements, inda fayilolin da aka sauke ke taruwa. Buɗe ta a shagon da jama'a ke yawan shiga, za ka tarar da fasfon wannan, takardar haihuwar 'yar wancan, rasidin kuɗin da wani ya aika gida, duk a jere da sunaye da hotuna. Tagar sirri ba ta taɓa su. Goge naka, ka bi shi Corbeille, wato kwandon shara, ka zubar.

Saura WhatsApp da ka haɗa da kwamfutar. Ɗauko wayarka, shiga jerin na'urorin da aka haɗa, ka cire ta tun kana zaune, kafin wani ya karanta saƙon Hajiya na cefanen yamma. Yanzu ɗauki hularka, a gaida mutan kasuwa.