Yadda Ɗan Singa Zai Zaɓi Data Mai Arha Ba Tare da Jininsa Ya Hau Ba

Ɗan kasuwar Singa ba a koya masa lissafi. Mutum ne da zai dubi tirelar sukari ya faɗa maka ribar kowane buhu tun 'yan dako ba su gama saukewa ba. Amma miƙa masa jerin tsare-tsaren data na kamfanonin waya, ka ce ya nuna wanda ya fi arha, sai ka ga ya ture hula yana sosa ƙeya. Ni ma datar wata guda ce ta ƙare mini tun wata bai raba ba, shi ya sa na zauna na tsara mana shawarwari. Zancen saka kati da duba ragowa na tsallake shi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanonin a 2023, ko yaron shago ya san *312# ta sayen data ce, *323# kuma ta neman ɓacin rai.

Na ɗaya, raba kuɗin da yawan gigar, ka san nawa giga ɗaya ta kama. A ƙa'ida sari ya fi ƙiri arha, wannan kowa ya sani. Sai dai a Singa in an ce buhu kilo 50 ne, ga sikeli nan a ƙofar shago. Katan ɗin taliya kuwa farke shi za ka yi ka ƙirga leda 20. Giga fa, wa ya taɓa ɗora ta a sikeli? Wanda ya sayar maka shi ke aunawa, shi ke ajiyar kayan, shi kuma zai aiko maka cewa sun ƙare. Ban taɓa jin dilan da ya ce in ba ka cinye shinkafarka cikin kwana 30 ba zai dawo ya kwashe ragowar, sai in ka sake sayen wani buhun kafin wa'adi. A harkar waya wannan shi ne tsari, har godiya ake so ka yi.

Na biyu, ka yi hattara da garaɓasa. Za a rubuta maka adadi mai ƙaton kai, can ƙasa kuma a ƙananan haruffa a ce wani kaso sai tsakar dare ake taɓa shi. Wato bawan Allah da ya wuni a tsaye yana ciniki, ya sha cinkoson Adaidaita Sahu daga Bata har gida, shi ne zai tashi ƙarfe 2 na dare don ya ci haƙƙinsa.

Kada ka ɓata lokaci wajen kuka da tsada. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin waya, kamfanonin ma ninki suka nema, suna cewa dala ta tashi, dizal ya tashi, kuma rabonsu da ƙari tun 2013. Saƙon tes ya koma naira 6 daga naira 4. A nan dai mu 'yan Singa ba mu da bakin magana, domin wannan huɗubar ta dala mu muka fi kowa iya ta. Dattawan kasuwa ma za su tuna maka cewa a 2001 layi kaɗai sai da mutane suka saya fiye da naira 20,000, kuma ko sallama ka yi ka kashe sai an caje ka minti guda, har Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa.

Na uku, sabis. A nan duk lissafin da ka yi a sama yake rushewa. Kwastoma ya taso tun daga Haɗeja, an loda masa kura taf da katan-katan na madara da sabulu, ya tura kuɗi. Shi an cire masa, kai ba ka ga komai ba. "Alhaji, wallahi na tura, ga shaida." "Na yarda da kai, Malam, amma sai na ga alat." Mai kura ya jingina yana fifita da hula. Direba na ta kira daga tasha. Kai kuma ka fito daga ƙuryar shago, waya a sama, kana juyi cikin lungu har wani ɗan dako ya daka maka tsawa ka ba da hanya. Ka kashe data, ka kunna. Ka koma hulɗar banki ta lamba, a zare maka naira 6.98, a ce ka sake gwadawa. Cinikin miliyoyi ya tsaya cik saboda datar da na zaɓa don ta fi ta maƙwabcina sauƙi da naira 500! Wallahi ranar da abin ya same ni ko abincin rana ban iya ci ba.

Na huɗu, ko na biyar muke, oho. Guruf-guruf na WhatsApp: na 'yan layinku, na dangi, na tsofaffin ɗalibai, da wanda ba ka san wa ya jefa ka ciki ba. Bidiyo guda sai ya sauko maka ta ƙofa huɗu, kowanne da kuɗinsa. Kashe saukar da kai-tsaye. Yaran gida masu cewa "Baba, a ɗan kunna mana hotspot" kuwa, ba ni da shawara a kansu.

Bashin *303#, kar ka fara, domin tun kafin ya shigo an gutsure ladan. Kiran 300 don kai ƙara, ka tanadi kujera, za ka sha kiɗa. In abin ya ishe ka, akwai 622 ta NCC.

Saura kuma na bar maka. Ka ajiye layi biyu na kamfani daban-daban, ka kashe sabuntawar da ke cire kuɗi ba da saninka ba. Sannan kafin ka sayi datar wata, taka zuwa wajen mai POS na bakin layinku, ka gaishe shi da mutunci, ka tambaye shi layin da ya saka a na'urarsa. Wanda ya faɗa maka shi za ka saya, ko da ya fi tsada.