Masu Girgiza Tsamiya Tun Tana Dashe

Tun da na yi rubutu a kan girman Kirista cikin Ruhu, wasiƙu suke sauko mini kamar fara a gonar gero. Uku daga ciki na ware, don masu su sun zo da shirin kokawa.

Na farko ɗan fasto ne, ya ce a harabar majami'a aka yanke masa cibiya. "Malam, bar mu da tatsuniya," in ji shi. "Na san dattijon ikilisiya da ya shekara talatin a bencin gaba, har gobe in ka taka masa ƙafa sai ya ambato maka kakarka." Na biyu ɗan kasuwa ne, ya ce shi 'ya'yan Ruhun da ya sani su ne waɗanda ake fakawa a ƙofar gida, masu baƙin gilashi. Ta uku kuwa 'yar'uwa ce da ta shekara biyu da baftisma. Ta ce ba ta fashin sujada, amma in facalarta ta yi mata habaici sai ta rama har da gyara, saboda haka wannan girma da nake faɗi, ko dai babu shi, ko an tsallake gidansu wajen rabo.

Ɗan fasto, sannu da aikin leƙe. Shekara talatin kana riƙe da mudu kana auna dattijo, naka buhun wa ya auna? Amma ban ƙaryata ka ba. Akwai irin wannan bishiya, kuma Yesu ya riga ka ganinta. A Markus sura 11 ya hangi ɓaure ya yi luf da ganye a hanyar Betanya, ya je neman abin sawa a baki, bai samu ko ɗaya ba. Mu ma majami'unmu ba su rasa ganye: ankon Zumuntar Mata da ya sha guga, Littafi mai zif, "Amin" mai girgiza kwanon rufi, da azumin da duk unguwa ta san ranar farawarsa. Sai dai ina da tambaya. Ka san dattijon nan kafin a haife ka? Wataƙila a zamaninsa da mari yake buɗe zance. In yanzu ya tsaya a baki, ai an samu ci gaba, sai mu yi addu'a kakar taka ma ta huta nan da baɗi.

Kai kuma mai baƙin gilashi, Allah ya ƙara buɗi, ka rage mana hanya ran Lahadi. Amma na buɗe Galatiyawa sura 5, inda Bulus ya jera abubuwa tara da Ruhu yake haifarwa a cikin mutum. Na ƙirga daga ƙauna har zuwa kamunkai, na juyo na ƙirga daga baya, ban ga mai ƙafa huɗu a cikinsu ba. Shi kansa mai jerin da ɗinkin tanti yake ci, wasu wasiƙunsa ma daga kurkuku ya aiko su. Kuma mangwaro bai taɓa shan ɗansa ba, masu wucewa ne suke sanin ko da zaƙi. In kana son labarin naka, tambayi yaron shagonka da ke jiran a sallame shi tun bara.

Yanzu ke, 'yar'uwa, matso kusa, don taki ce ta fi taɓa ni. Shekara biyu! Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan kai shekara bakwai ko fiye kafin a jiƙa ɗanta a kunu, ke kuwa kin kama dashe kina girgizawa kina cewa iri ne mara kyau. A ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar da ta zama mafarin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Da kina wurin ran nan, na san da kin ce taron shan inuwa ne. Labarin mishan ɗin SIM ma ya fi wannan ban tausayi. Samari uku suka sauka a Legas a ƙarshen 1893. Kafin 1894 ta fita an binne Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kuma, da zazzaɓi ya kwantar, daga baya ya koma gida. Sai 1902 mishan ɗin ya samu wurin zama a Patigi, ikilisiyar da ya haifa kuma, wato ECWA, sai 1954 ta tsaya da ƙafarta. Shekara sittin ke nan da ɗoriya. Ke kuma kina son a gyara miki harshe kafin Kirsimeti.

Amma kada ki ce na ba ki tabarmar barci. Haƙuri ɗaya ne cikin taran nan, lalaci ba ya ciki. Bari in kai ki Maradi. Wani Ba'ostiraliya da ya yi aiki da SIM, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a ƙasar, rana da iska da awaki suna cinye masa yawancinsu. A 1983, ya tsaya a hanya don rage iskar taya saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka sagagi ne. Da ya duba ganyen da kyau, ashe itace ne da aka sare, kututturen na nan da rai, saiwarsa ta yi nisa a ƙasa. Abin da ya hana shi tashi shi ne tohon ya yi yawa, kowane reshe na jan abinci, ga gatari duk lokacin sharar gona. Maganin bai wuce wuƙa ba: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Manoman Nijar suka kama wannan sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan biyar.

To, aikin da Yesu ya ce Uba yana yi ke nan a Yahaya sura 15, inda reshen da ya fara ba da 'ya'ya shi ne yake shan aska. Ni a ganina saiwa ba ita ce matsalar yawancinmu ba. Toho ne ya yi mana yawa. Kina ƙungiyar mawaƙa, kina kwamitin girki, kina koyarwa a makarantar Lahadi, ga kwanan addu'a duk Juma'a, ga waya a hannu har barci ya sace ki. Yaushe kika zauna shiru na minti goma ke da Ubangijinki? Ni ma ban tsira ba. Na taɓa komawa gida daga wa'azin da na yi a kan tawali'u, na tarar miya ta yi gishiri, na buɗe sabon wa'azi a tsakar gida. Uwargida ta bari na kai aya, sannan ta tambaye ni ko wanda ya yi na safen ya ba ni aron rigarsa ne. Wannan datsa ta fi mini taron farkawa uku amfani, ko da yake ban yi mata godiya a ranar ba.

Wanda kuma ya ji tsoron an kusa sare shi, ya duba Luka sura 13. Mai gona ya gaji da ɓauren da ya shekara uku ba ko ɗa, mai lambu ya roƙa a ƙara masa shekara guda ya yi kaftu ya zuba taki. Taki dai kun san ba turare ba ne, wataƙila ma facalar nan ce takinki, 'yar'uwa. Gobe in ta yi habaicin, ki haɗiye na farko kawai, na biyu mā yi maganarsa wata mai zuwa.

Kai kuma ɗan fasto, ran Lahadi ka je bencin gaba ka durƙusa ka gai da dattijon nan, ka tambaye shi yadda yake a shekarunka. Ka rubuto mini abin da ya ce. In za ka ƙara da labarin naka girman, ka haɗo da sa hannun matarka.