Kare da Takalmi a Arizona

Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen Gyadi-Gyadi. Ya zafi? Na san tunda Afrilu ta kama kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Namu sai Yuni yake kankama.

Yaya, shirya dariya. A nan Finiks, jihar Arizona ta Amurka, da bazara kare takalmi yake sawa. Ƙafa huɗu, takalmi huɗu, har da maɗauri! Maƙwabcina dattijo ne da furfurarsa, amma sai ya durƙusa gaban karensa yana ɗaura masa, gogan naka yana miƙo ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar ango. Da a kasuwar Tarauni ne, wallahi sai yara sun raka su har gida da tafi.

To amma suna da hujja. A 2023 garin nan ya yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, har tana saɓule fatar tafin ƙafa. Hukumar birni ta hana hawa duwatsun shaƙatawa da kare idan zafi ya kai digiri 38. Tun 2017 kuma dokar jiha ta yarda mutum ya fasa gilashin mota don ceto yaro ko dabbar da aka kulle a ciki, bayan ya kira hukuma.

Karen gadin gidanmu ne ya sa na ɗauki biro. Kano ma tana haura digiri 40, shi kuma yana wuni ɗaure da sarƙa a kejin kwano. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma hakin ba ya masa amfani a cikin kwanon da ya ɗau rana. Ban ce ka je kasuwar Kwari neman takalmi ba, kada a ce Yaya ya zare. Inuwa da ruwa kawai. A mai da shi gindin darbejiya, a zuba masa ruwa a kasko safe da rana, don kwanon silba dafa ruwa yake. Idan an ga harshe ya zazzago, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, a kwarara masa ruwan randa a ciki da ƙafafu, a garzaya wurin likitan dabbobi.

Ka fi ni sanin hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma da huffinsa ya ɗebo ruwan. Ka ga ashe takalmi ya daɗe a cikin maganar.

Don Allah Yaya a ɗauke shi daga kejin nan yau. Kuɗin ɗan ga-ruwa a wuyana. A gaida Hajiya, a ce ta sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka