Zakin Gwanda

Dogon hutu ne ya ja min. Yaran nan suna gida, duk wanda ya samu naira 100 sai ya ruga shagon bakin layi, ya dawo da harshe shuɗi ko ja. Ranar da Auta ya yi hamma na hango haƙorinsa ya fara kogo, na ce alewa ta ƙare a gidan nan.

A daren na ci karo da wata baturiya a waya, tana jera 'ya'yan itace a faranti. Kafin minti ɗaya ta fitar da fuskar zaki, 'ya'yanta sai tafi suke yi. Na ce to me ta fi ni, hannu biyu ne da ita, biyu ne da ni.

Washegari na hau Adaidaita zuwa 'Yan Lemo. Na sayo kankana da gwanda da ayaba da lemo, a hanya na ƙara karas da kokwamba. Ita baturiyar da wasu baƙaƙen 'ya'yan itace masu kama da kanya ta yi idanu, ni kuwa na ce dabino ya wadatar. Na kori kowa daga kicin, na ɗauko babban tiren da ba a taɓawa sai da salla.

Rabin gwanda shi ne fuska. Karas da ɓarin lemo su ne geza, kokwamba kunnuwa, ayaba gashin baki, aya haƙora, siririn yankan kankana harshe. Kuskuren farko, da ayaba na soma. Sai daga baya maƙwabciyata ta gaya min ana matsa mata lemon tsami don kada iska ta baƙanta ta. Kafin in gama gezar, gashin bakin zakina ya koma kalar tsohon takalmi. Kankana kuma ta saki ruwa, jan ya gangaro ta gefen baki kamar yanzu ya gama da akuya. An ɗauke wuta tun safe, firji ya zama kabad, ƙudajen unguwa duk sun samu gayyata. Duk yankan da ya karkace sai in wurga shi a wata roba da ke bakin ƙofa, ko waiwaye ba na yi. Awa biyu cur ina tsaye.

Na ɗauko tire da hannu biyu, na dire a tsakar gida, na yaye murfi.

Auta ya kurma ihu, "Dodo!" ya shige bayan kakarsu. Ta tsakiyar ta karkata kai ta ce, "Umma, kare ne?" Babban, da yake shi ne mai ilimin gidan, ya ce, "Kura ce, mota ta taka ta."

Hajiya ta gyara zaman tabarau, ta leƙo. "A'uzubillahi. Ke 'yar nan, gwandar ce kika yi wa ido? Mu a zamaninmu ci ake yi, ba kallon-kallo ba." Sai ta hango ayar. "Wannan kuma so kike ta shaƙe min miji?" Gaskiyarta ce, yaro ƙarami ba a ba shi aya ko gyaɗa guda-guda, amma ba ranar nake son jin gaskiya ba. Ta tsince haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zane. Zaki ya koma dattijo.

Na ce, "To ku ci mana!"

Suka haɗa baki, "Mun ƙoshi."

Na leƙa bakin kicin, roba fes, har an lashe. Kusan rabin kankana, ƙarshen karas, kunnuwan da na ɓata, duk sun bi ta cikinsu ina can ina fama da geza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. In aka duba tumbin Auta, ya biya har na jibi. Ya kamata in yi murna. Ni kuwa tafi nake jira.

Bayan isha'i maigida ya shigo, wuta ba ta dawo ba. Ya ɗaga murfi, ya haska da fitilar waya, ya ja da baya taku ɗaya. Sun daɗe suna kallon juna. Sannan ya yi bisimilla, ya cire ido ɗaya ya kai baki, ya ce, "Wa ya ɓata wa gwandar nan rai?"