Jinsunan Masu Ƙin Karatun Kyauta

Daga cikin abubuwan al'ajabi na wannan zamani akwai saurayin da za a ce masa ga gurbin karatu a Rasha ko Maroko ko Masar, an ɗauke masa kuɗin makaranta da na ɗakin kwana, har da ɗan guzurin wata-wata, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce in ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba, to, a ƙyale shi. Masu wannan ɗabi'a jinsi-jinsi ne, ga bayaninsu daki-daki.

Na farko shi ne Magajin Samaru, wanda kawunsa ya yi karatu a jami'ar, saboda haka tun yana ƙarami ya haddace cewa a 1962 aka kafa ta, yana kuma siffanta ɗakin karatu na Kashim Ibrahim hawa-hawa, alhali ko ƙofarsa bai taɓa gani ba. A mazhabarsa, ilmin da aka samo a wajen Zariya ruwaya ce mai rauni.

Na biyu Faƙihin Sanyi, wanda bai taɓa sauke Ahalari ba, amma ran da ya ji sunan Mosko sai ya wayi gari mufti, yana ta mas'alar alwala da ruwan ƙanƙara, da azumin ƙasar da yininta kan haura awa 17 a tsakiyar shekara, ya mance cewa a 'yan shekarun nan Ramalana ya gangaro wajen hunturu, lokacin da yinin can yake taƙaice. Haƙiƙanin illar kuwa ita ce an tabbatar masa babu daddawa a kasuwannin Mosko.

Na uku Ma'abucin Istihara, wanda yakan yi ta daren farko, in zuciyarsa ta karkata ga jirgin sama ya ce barci ne ya rinjaye shi, ya sake, ya kuma sakewa, har ranar da ta karkata ga motar Zariya, sa'an nan ya fito da fara'a ya ce, "Baba, al'amarin nan zaɓin Allah ne, ba ni da ta cewa."

Na huɗu Malamin Hisabi, mai biro a bayan kunne, wanda ya ƙididdige cewa shekarar da ake ɓatawa wajen koyon Rashanci ko Faransanci kafin a shiga karatu sosai hasara ce bayyananniya, amma da ya zo kan yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai tawadarsa ta ƙafe.

Na biyar shi ne mafi yawan hujjoji da ƙarancin gaskiya, domin yau ya ce kishin ƙasa, gobe ya ce jinyar kakarsa, wadda lafiyarta ƙalau har tana surfe, alhali unguwa duka ta san akwai wata yarinya da aka ɗauka a harabar jami'ar ta Kongo, akwai kuma wani Alhaji mai mota da ya fara yawan gaishe da mahaifinta.

Na shida kaɗai ke da hujja sahihiya, kuma wajibi ne a yi masa adalci. Shi ne wanda aka bai wa fannin da ba ya so, ko wanda ya bincika ya gane cewa likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta Nijeriya kafin a ba shi lasisi, mai karanta shari'a a waje kuma sai ya yi ƙarin zango a Makarantar Horon Lauyoyi. Alamarsa ita ce ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗi dalilinsa sau ɗaya ba ado, sa'an nan ya nemi yaran da zai koyar da yamma don ya rage nauyi.

Saura mutum guda wanda ba a shawarce shi ba sai a ƙarshe, wato uban yaro, wanda kowane zango zai ɗaure buhunan masara ya nufi kasuwa, in maƙwabta sun tambaya ya ce ai shi ma bai so yaron ya yi nisa ba. Saboda haka fatawarmu ita ce, ƙin kyauta halal ne ga kowane baligi mai hankali, bisa sharaɗin ranar biyan kuɗin rajista a tura shi da kansa ya tsaya gaban dillalin hatsi, ya maimaita masa hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko za a ƙara masa ko sisi a kan buhu.