Ɗamarar Ruwa: Yadda Mai Gudun Nesa Ke Ɗaukar Randarsa a Ƙugu

Ɗamarar ruwa bel ne mai roba da masu gudun nesa ke ɗaurawa a ƙugu, an yi masa aljifan da ake soka ƙananan goruna a ciki. Galibi gorunan biyu ne zuwa huɗu, kowace ba ta cika wuce mililita 300 ba, wato ba ta kai ledar fiya wata guda mai mililita 500 ba. A gaba akan bar aljihu mai zif don makulli da waya da 'yan canji. Wanda ya fito da ita da asuba, daga nesa sai a ɗauka ɗan tauri ne ya sha guru da layu za shi wasa, alhali maganin ƙishirwa kawai ya ɗauro.

A ranar tsere ba kasafai ake buƙatarta ba. A gudun yada ƙanin wani mai tsawon kilomita 42.195, irin wanda ake yi a Legas tun 2016, akan kafa teburan ruwa kusan bayan kowace kilomita biyar. Ranar atisaye ce babu mai miƙo wa mutum kofi, ga shi cikin zafi jiki na iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, ko ma fiye. Hunturu ya fi iya yaudara, domin iska na busar da gumin kafin a gan shi, sai leɓe ya tsage sannan a farga.

Wurin zaman ɗamara kan ƙashin kwankwaso ne, ƙasa da cibiya. In ta hau ciki ta matse numfashi, in ta yi sako-sako kuma gorunan su dinga dukan mutum a baya kamar kalangu har ya dawo gida. Gwajinta ba wuya: a cika gorunan, a ɗaura, a yi tsalle goma a tsakar gida. In ta tsaya cak, ta zauna. In yara sun fito kallo saboda ƙara, a ƙara ja. A raba nauyin dama da hagu daidai, a kuma riƙa sha daga nan a sha daga can, don kada mutum ya ƙarasa gudunsa a karkace kamar jakin da mangalarsa ta rinjaya. Gorar da ta yi rabi takan yi ƙugi kamar ana kaɗa nono. Mai laushi ta fi sauƙin sha'ani, tunda ana iya matse iskar a fitar. Inda bel ke gogar fata a shafa basilin tun kafin fita, domin gumi da gogayya na awa biyu na barin saɓar da sai an shiga wanka ake sanin zafinta. Duk wannan a atisaye ake koyonsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yawan ruwan da za a ɗauka, sikeli ne ke faɗa. A hau shi kafin gudun awa ɗaya, a sake hawa bayan an dawo an goge jiki. Kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce ta tafi, sai a haɗa da abin da aka sha a hanya. Lita ɗaya kuma nauyinta kilo ɗaya ne a ƙugu, saboda haka mai gudu ba ɗan ga-ruwa ba ne da zai yi lodin unguwa. Ya fi kyau ya tsara hanyarsa ta bi ta gaban shago ko famfo mai tsafta, ya sake cikawa.

A nan ne ake son natsuwa, domin yawan shan ma yana kisa. Idan ruwa ya yi yawa, gishirin jini yakan tsinke, ciwon kai da amai da ruɗewa su biyo baya. A tseren Boston na Amurka a 2002, cikin masu gudu 488 da aka auna jininsu, kashi 13 cikin ɗari sun gama da wannan matsala. Kurɓi ake yi in ƙishirwa ta motsa, ba ɗurawa ba. Wanda ya dawo ya fi nauyinsa na fita, ya sha fiye da kima.

Gudun da bai wuce awa ɗaya ba, ruwa zalla ya isa. In ya zarce, sai a ware gora guda a jiƙa ɗan gishiri da sukari. Fura da kunun aya suna da daɗi, amma wurinsu gida bayan an dawo, don zafin jiki da na rana kan tsamar da su a hanya. In wuta ta samu, a cika gora rabi a daskarar da ita da dare, da safe a ƙarasa cikawa, sanyin zai ɗan yi rakiya.

Bayan an dawo a wanke gorunan da sabulu, musamman bakin murfin da ake ja da haƙori, inda baƙin datti ke taruwa. A kife su a buɗe su bushe, bel ɗin kuma a ɗauraye shi a shanya a inuwa, domin rana na cinye robarsa.