Kowa Ya Samu Admin, Gwamnati Ne

Idan ka ga matashi a majalisa kansa a sunkuye, yatsunsa na rawa a kan gilashin waya, ka yi masa sallama ya amsa da hanci, kada ka yi saurin cewa rashin tarbiyya ne. Aiki yake yi. Ɗan baiwa ne, wato ɗan kirifto, yana kan mayinin, kuma a lissafinsa duk daƙiƙar da ya ɓata wajen amsa sallamarka dala ce ta wuce shi. Mai shayi na binsa kuɗin biredi da ƙwai tun watan jiya, amma a cikin wayar nan mai tsagaggen gilashi akwai dukiyar da yake ganin ko 'yan canjin Wapa sai sun yi karo-karo kafin su iya saye. Abu ɗaya kawai ake jira: ta fashe.

Asalin lamarin kuwa ba wasa ba ne. A shekarar 2009 wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a san ko mutum ɗaya ne ko gungu ba, ya fito da Bitcoin. Manufarsa kuɗin da ba banki a tsakani, ba gwamnan babban banki da zai wayi gari ya buga ƙari, domin adadinsu ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Littafin lissafin yana hannun dubban kwamfutoci a faɗin duniya, kowace na sa ido a kan 'yar'uwarta. Haƙo shi kuma, wato mayinin, sai da manyan injuna masu zuƙar wutar lantarki dare da rana. To mu da wutar sai ta ga dama take leƙo mu, sai muka samu namu daidai ƙarfinmu: mayinin na babban yatsa.

Pi ce ta buɗe fage a 2019. Ka latsa maɓalli sau ɗaya a awa 24, ka gayyato 'yan'uwa da abokai, shi ke nan ka zama attajiri mai jiran gado. Har aka samu masu rantsuwa cewa Pi ɗaya za ta kai dala 314,159, farashin da Bitcoin kansa bai taɓa ko hango shi ba. Da wannan lissafin, wani da ke da Pi dubu a wayarsa ya fara duban Ɗangote da idon tausayi. Aka yi shekaru ana jira, ana KYC, wato tantance mai asusu, ana sake jira. Ranar 20 ga Fabrairun 2025 ta shiga kasuwa, ta taɓa kusan dala 3, sannan ta gangaro ƙasa da dala 1. Ka zaci za a saduda? Ina! Cewa aka yi wannan ba shi ne farashin gaskiya ba, na gaskiyar yana nan tafe, maƙiya ne suka danne shi.

Abin da ya ƙara rikita jama'a shi ne Notcoin, wadda a watan Mayun 2024 ta ba wasu kuɗi na gaske, aka gani da ido, aka ci tsire. Daga nan sai gari ya ɗauka. Da Hamster Kombat ta zo, kamfanin ya ce masu dangwala sun kai miliyan 300 a duniya, kuma mun ba da gudummawarmu ba tare da ƙyashi ba. Magidanci na dangwala, ɗalibi na dangwala a aji, mai gadi ya bar ƙofa a buɗe yana dangwala. A gidaje da yawa hirar dare ta koma haka:

"Maigida, shinkafa fa ta ƙare."

"Ki ƙara haƙuri, uwargida, saura ƙiris a yi listin. Buhu goma zan sauke miki, har da na Inna."

"To kafin nan me za mu ɗora?"

"Ke matsalarki ke nan, ba ki da hangen nesa."

A ƙarshen Satumban 2024 aka raba kuɗin Hamster ɗin, mutane da dama suka tashi da abin da bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba, balle kuɗin caji da man zafin yatsa. Aka yi kwana biyu ana tsinuwa. A rana ta uku wani ya turo sabon linki, aka gyara zama.

Sai dai kada a yi wa yaran nan dariya kawai a wuce. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye naira yana barci, ya farka ya tarar an yi masa sata ba tare da an fasa ƙofa ba. Akwai 'yan kasuwar da suka riƙa biyan kuɗin kaya a ƙasashen waje da kirifton USDT saboda neman dala a banki ya zama jan aiki. Ba banza ba kamfanin Chainalysis ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, bayan Indiya. Matashin da ya gama digiri ya rasa aiki, idan ya ga hayaƙi dole ya je ya duba ko akwai tuwo.

To ina gwamnati a wannan lamari? Tana nan, da sandarta. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya umarci bankuna su rufe asusun duk mai hulɗa da kirifto. Yara suka ce to, suka koma ciniki tsakaninsu kai tsaye, aka ci gaba da kasuwa inda idon banki ba ya kaiwa. Watanni takwas bayan haka, a Oktoba, sai ga gwamnati ta fito da nata, eNaira, aka yi biki a fadar shugaban ƙasa, aka ce mu ne na farko a Afirka. Wato naku haramun ne, ga namu ku zo ku saya. Jama'a suka leƙa suka ga nairar da suke gudu ce aka sa mata sabuwar riga. Wani rahoton IMF na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin 100 na asusun eNaira sukan yi mako guda cur ba wanda ya taɓa su.

A Disambar 2023 aka janye haramcin. Wata biyu kacal bayan haka naira ta sake faɗuwa, aka waiga neman mai laifi, sai ido ya faɗa kan kamfanin cinikin kirifto na Binance. Jami'an kamfanin biyu suka zo Abuja tattaunawa, aka ce su ɗan dakata, dakatawar ta zama tsarewa. Ɗaya, Nadeem Anjarwalla, ya sulale ya bar ƙasar a watan Maris, a ƙasar da ɗan acaɓa ba ya iya wuce shinge ɗaya ba a tare shi ba. Ɗayan, Tigran Gambaryan, ya sha zaman gidan yarin Kuje har zuwa Oktoba. A 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta amince da kadarorin kirifto. A cikin shekara huɗu abu ɗaya ya zama laifi, ya zama halas, ya zama maƙiyin naira, ya dawo ɗan gida. Ɗan baiwa da kansa bai kai haka saurin sauya ra'ayi ba.

Labarin Twitter ya fi wannan daɗi. A Yunin 2021 kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari. Kwana biyu bayan haka ma'aikatar yaɗa labarai ta Lai Mohammed ta sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, kuma a ina ta sanar? A Twitter. Ministan shari'a ya ce a gurfanar da duk wanda ya ci gaba da amfani da shi. A dare ɗaya mutanen Kurna da Tudun Wada suka sauke VPN, aka wayi gari wayoyinsu na nuna suna Amurka da Jamus ba tare da biza ba. Ita kuwa gwamnati sai ta kwashe kayanta ta koma wata manhajar Indiya mai suna Koo. An yi kwana 222 kafin a buɗe Twitter a Janairun 2022, kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yuli cewa rufewar ta saɓa doka, ita kuma Koo ta rufe shago gaba ɗaya a 2024. Allah ya jiƙan saƙonnin da aka bari a can.

Irin wannan ne ya sa masana ke wa'azin kafafen da ba su da mai gida ɗaya. Mastodon, wadda wani Bajamushe Eugen Rochko ya ƙirƙira a 2016, ta samu baƙi da yawa bayan Elon Musk ya saye Twitter kan dala biliyan 44 a 2022. Akwai kuma Bluesky da Nostr. Tsarin Mastodon kamar majalisun unguwa ne: kowa na iya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidansa, majalisun na jin hirar juna, idan mai wannan tabarmar ya kore ka sai ka ɗauki takalminka ka koma ta gaba, kuma babu wani mutum ɗaya da zai iya naɗe tabarmin gari duka. Tsari ne mai kyau ƙwarai.

Wani namu ya ji wa'azi, ya yi bankwana mai ratsa zuciya a Facebook, ya ce ya gaji da bauta, ya tafi ƙasar 'yanci. Ya isa can ya rubuta "Barkanmu da safiya, jama'a." Shiru. Ya saki magana mai zafi a kan siyasa. Shiru. Ya taɓo rigimar malamai, wadda a gida da yanzu an yi masa raddi ɗari uku an haɗa da kakanninsa. Wani Bature ɗaya ne kawai ya tura masa hoton kyanwa. Kafin mako ya zagayo sai ga shi ya dawo Facebook yana cewa dama leƙawa ya je yi. Ashe ba 'yanci yake nema ba, 'yan kallo yake nema. Gara a zage shi a cikin taro da a girmama shi a kufai.

Ga inda gizo ke saƙar. Shiga kowane gurup na 'yan kirifto a WhatsApp ko Telegram, inda ake koyar da cewa zamanin shugabanni da bankuna ya wuce, ka ga mulki. Akwai jagora na ƙasa, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma, akwai Farfesa wanda bai taɓa shiga jami'a ba. An kulle gurup, admin kaɗai ke magana. Ranar da aka buɗe, wani bawan Allah ya yi kuskuren tambaya:

"Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ana cewa wata mai zuwa. Wai yaushe ne takamaimai?"

Kafin ya ajiye waya an cire shi, an kuma fitar da sanarwa cewa ba za a lamunci masu karya wa jama'a gwiwa ba. Babu sammaci, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara. Lai Mohammed aƙalla ya fitar da takarda, kuma an samu kotun da za a kai shi. Admin ɗin nan kuwa shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne gandiroba, kuma shi ne wanda ya fi kowa zagin gwamnati lokacin da aka rufe Twitter. Haka abin yake a gurup ɗin dangi, na tsofaffin ɗalibai da na masallacin unguwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai kuma ranar kuka. Ɗan baiwa ya sha faɗa mana cewa shi ne bankin kansa, kada gwamnati ta sa masa hannu a dukiya. Kalmomin sirrin walat ɗinsa, waɗanda duk wanda ya riƙe su ya riƙe kuɗin, ya rubuta su a bangon littafi, ko ya tura wa wani "jami'in kamfani" da ya yi masa alƙawarin ninki biyu. Aka kwashe. Da MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, da kuma CBEX ta rufta da su a Afrilun 2025, wace kalma aka fi ji? "Ina EFCC? Ina gwamnati? Me ya sa aka bar su suna cutar talaka?" Jiya gwamnati ta fita harkarmu, yau gwamnati ta zo ta cece mu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba ya tambayar ko kuɗin na takarda ne ko na waya.

Kada a fahimce ni a karkace. Wuce gona da iri na hukuma gaskiya ne, kuma ya fi na admin ciwo, domin admin ba shi da ɗakin tsare mutane. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu sukar manya, har sai da aka yi masa gyara a 2024. Gwamnatin da ke rufe abu kafin ta fahimce shi ba ta hana shi, tura shi take yi cikin duhu, inda 'yan damfara suka fi jin daɗin aiki. Abin da ake buƙata doka ce bayyananniya da za ta kama ɓarawo ta ƙyale ɗan kasuwa, ba wadda ke sauyawa duk lokacin da dala ta tashi ko ran wani babba ya ɓaci ba.

Amma gwamnati ba daga sama ta faɗo ba, daga cikinmu ake ɗibarta. Wanda ba ya iya jure tambaya ɗaya a gurup mai mutum 200, me kake tsammani ranar da aka ba shi ma'aikata da jiniya?

Saboda haka, ɗan'uwa ɗan baiwa, ka ci gaba da dangwalarka idan tana sa ka nishaɗi, amma ka haɗa da sana'ar da ke kawo cefane, kada ka zuba kuɗin da rasa su zai hana ka barci, kuma ka biya mai shayi da naira tunda ita yake karɓa. Kai kuma admin, kafin ka sake rubuta dogon sharhi a kan 'yancin faɗin albarkacin baki, buɗe gurup ɗin nan ka dawo da mutanen da ka kora.